Saƙon da Babanku Ya Faɗa wa Iska

Na san abin da ake cewa a kan rabuwar babanku da Baffa Hamma, don matan unguwarmu ba su iya raɗa ba, ni kuma kunnena bai tsufa tare da gwiwata ba. Wasu na cewa babanku ya manta bai gargaɗi abokinsa ba, da abin ya ɓaci sai ya rufe da ƙarya. Wasu, waɗanda Allah zai tambaye su, suna cewa da gangan ya yi shiru, wai dillali ba ya ƙin ganin mai shanu ya matsu ya sayar. Ke Hadiza har kin taɓa tsare ni da ido kina tambaya ko Baba ya taɓa yin ƙarya don kunya, na ce ki tashi ki ba ni wuri. Ba fushi na yi da ke ba, amsa ce ba ni da ita a lokacin. Daga baya na same ta, amma kun watse, wannan na Maradi, wancan na Najeriya, kowa ya tsinci labarin a gutsure. To ga shi nan duka, ku karanta a zaune. Babanku bai yi ƙarya ba, Hamma ma bai yi ba, kuma ba na so in tafi in bar sunan mijina a bakin mutane da wannan tabo.

Ku manyan kun san gidan da kuka tashi, amma ƙananan da jikoki sai an gaya musu. Babanku dillalin shanu ne a kasuwar Dakoro, zaurenmu kuwa masaukin mutanen daji ne. Duk jajibirin kasuwa sai ya cika da Fulani da Buzaye, da sanduna da igiyoyi da butocin shayi, ni kuma in kwana da sanin tukunyata ba ta mutanen gida kaɗai ba ce. A cikinsu duka Hamma daban ne. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da gefen rawani kamar wanda ya yi laifi. Tun suna samari suka san juna, kafin a kawo ni gidan. Shi kaɗai ke kiran babanku Ɗanjimma, sunan da kakarku ta sa masa, kuma shi kaɗai babanku ke bari ya shigo har tsakar gida ya gaishe ni. Suna tsokanar juna kamar yara. Babanku ya ce masa Bafillace ba ya sanin hanya sai saniya ta nuna masa, shi kuma ya ce Bahaushe ko akuya aka ba shi sai ya tambayi kuɗinta kafin ya tambayi lafiyarta.

Hamma ne ya ba babanku haɓɓanaye. Abin Fulani ne: mutum ya ɗauki karsana daga garkensa ya ɗaura wa wanda yake ƙauna, ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan a mayar da uwar ga mai ita. Ba ciniki ba ne, ba kuma a yi wa kowa. Ba kasafai suke yi wa Bahaushen gari ba, shi ya sa ranar da Hamma ya shigo da jar karsanar nan mai dogayen ƙahoni babanku ya rasa inda zai sa kansa don murna. Sunanta Woɗe, amma ku Jar Baffa kuke ce mata. Ni na san wahalarta, don ni ke ba ta dusa da ruwan tsari, kuma ta taɓa cinye mini zane a kan igiya. Duk da haka ina son ta.

Da salula ta shigo, sai ta zo da nata tsarin, ba wanda ya zauna ya shirya shi. Mutumin daji ba shi da kiredi, wato kuɗin kira, sau da yawa ma ba shi da wayar. In yana son magana sai ya hau tudu inda rezo, wato layin waya, ke kamawa, ya ari wayar duk wanda ya samu, matafiyi ne ko mai dawowa daga arewa, ya yi bip, wato ya bar ta ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe. Na gari shi ke kira. A wurin babanku bip ɗin daji sallama ce a ƙofar gida, ba a tsayawa tambayar wane ne kafin a amsa. Bai taɓa duba lamba ba. Me zai duba, alhali yau wannan ce gobe waccan, ga ido ya fara rauni? Danna koren maɓalli kawai yake yi. Kuma da yake kunnensa ya yi nauyi, kullum a babbar murya yake sa ta, har na san farashin bijimi fiye da na gishiri.

Akwai abu na biyu, shi ne wanda nake so ku riƙe. Rezon daji yakan kama gefe ɗaya. Sai Hamma yana jin babanku tar, babanku kuwa ba ya jin komai sai iska. Tun farko Hamma ya gaya masa, a gabana:

"Ɗanjimma, in ka ji shiru kada ka kashe. Kai dai ci gaba da hwaɗi, ni ina jin ka."

Haka kuwa suka yi shekara da shekaru, bai taɓa ba su kunya ba. Lokacin sunan Sale ƙarami, babanku iska ya gaya wa ranar, yana ta ihu a tsakar gida ina yi masa dariya, sai ga Hamma ranar suna da rago a gaba. Don haka in wani ya ce muku babanku wawa ne da ya tsaya yana magana da shiru, ku ce masa bai san daji ba.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau, gero ya yi kai, masu shanu suna can arewa wajen Azagor suna jiran a sako gonaki su gangaro. Hanyar Hamma ɗaya ce kowace shekara: ya biyo ta tabkin Aduwa, ya yi 'yan kwanaki shanu su sha su huta, sannan ya sauka yamma da gari. Wata ranar kasuwa babanku ya dawo tun rana ba ta yi sanyi ba, na ajiye masa fura bai ko buɗe ba. Ya ce likitan dabbobi ya shiga kara, wato inda ake cinikin shanu, ya yi shela cewa ciwon huhu ya ɓulla cikin garkunan da ke zaune a Aduwa, kowa ya gaya wa nasa kada ya kusanci wurin. Wanda ya san shanu ya san huhu. Saniya mai lafiya ta tsaya kusa da mai tari a bakin ruwa, ta tafi da shi ba ta sani ba, sai bayan makonni ya tashi ya bi garke. Babanku ya gwada lambobin da aka taɓa yi masa bip da su, wasu ba sa shiga, wasu masu su sun ce sun rabu da Hamma tun tsakiyar damina. Ba abin da ya rage sai jira. Ya rataya wayar a wuya, ko alwala zai yi tana ƙirjinsa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina surfe yana zaune a gindin dalbejiya, sai ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Kafin in ajiye taɓarya ya danna. Ta daɗe tana wani irin kuka kafin a ɗauka. Sai muka ji iska, shuuu, irin ta kan tudu. Can nesa wani namiji ya gyara murya, ya ce "Alo... alo...", sai iska ta sake rufewa. Babanku ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe.

"Hamma! Ɗanjimma na! Ka saurara da kyau. Kada ka biyo ta Aduwa bana, huhu ya shiga shanun da ke wurin. Ka zagayo ta yamma, ko da rijiya za ka shayar. Ka ji ko? Kada ka biyo ta Aduwa!"

Yana cikin maimaitawa wayar ta yanke. Kiredin da kan kai shi kasuwa zuwa kasuwa ya ƙare ƙaf a wannan kira ɗaya. Ya zagi kamfanin waya, ya sa takalmi ya je bakin titi ya ƙaro, ya dawo ya sake kira don ya tabbatar. Iska, gyaran murya, alo, alo. Ya sake faɗa tun daga farko, har ya ƙara da cewa Woɗe na lafiya, ɗan maraƙinta ya fara cin ciyawa. Ta sake yankewa. Ya zauna ya ja numfashi, ya ce in kawo masa fura.

Na ce, "Malam, ga motocin Azagor can suna tashi. Da ka ƙara ba wani direba saƙo, ko don hankali shi kwanta."

Ya ce, "Saƙon mi kuma? Ba gabanki na hwaɗa mai ba, har sau biyu? Ba ki ji tarinshi ba?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, ko in ce na ji abin da zuciyata ke son ji. Na koma kan turmina. Har yau in na ga motar Azagor tana ɗaukar kaya a tasha sai in kau da kai.

Da aka sako gonaki sai ga Hamma, fes da shi, da ɗan duma na man shanu da cuku a ƙulle cikin tsumma, nawa ne wannan, kowace shekara. Ya gaishe ni, ya je ya shafa wuyan Woɗe yana yi mata magana da Fulatanci, sannan suka zauna. Babanku na zuba shayi ya ce:

"To, ƙaƙa hanyar yamma? Kun sha wuyar rijiya halan."

"Wace yamma? Ta Aduwa munka biyo, kamar kullum. Ruwa cike, har mun ƙara kwana."

Babanku ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. Da ya ga Hamma bai rufe baki da rawani ba, sai ya ajiye butar a hankali.

"Hamma, ba na ce maka kada ka biyo ta nan ba?"

"Yaushe?"

"Randa kay yi mini bip. Sau biyu na kira ka."

"Ɗanjimma, ni ban taɓa waya ba tun gero na gwiwa."

Shayin ya huce a gabansu. Ni ina bakin madafa riƙe da duman man, na rasa ko in ajiye ko in ci gaba da riƙewa. Hamma ya tashi ya ce bari ya je ya duba shanu.

Ba a yi wata ba shanun suka fara tari. Ban je na gani ba, amma babanku na zuwa kullum, ya dawo ya zauna ya yi tagumi. Ya ce sai ka ga saniya ta tsaya ta miƙe wuya ta buɗe ƙafafun gaba tana neman numfashi, idonta a kanka. Likita ya zo ya yi allura, wasu suka tsira, mafi yawa ba su tsira ba. Garken da Hamma ya gada daga ubansa, wanda ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, ya koma abin da ba ya buƙatar sanda. Waɗanda likita ya yarda a yanka kafin su faɗi, babanku ne ya yi ta yawo yana roƙon mahauta su saya da mutunci, bai karɓi ko la'ada ba. Wannan taimakon ne mutane suka juya suka ce riba ya ci. Ban taɓa yafe wannan magana ba, kuma ba na jin zan yafe.

Abin da ya fi ciwo shi ne kowannensu yana ƙoƙarin yi wa ɗan'uwansa uzuri, uzurin kuwa shi ne zargin. Babanku na ganin Hamma ya ji gargaɗi ya raina, yanzu kunya ta hana shi amsawa. Hamma na ganin babanku hidimar kasuwa ta sha kansa ya manta, yanzu kunya ta sa shi ƙirƙiro waya. Da dukansu sun iya haɗiyewa da an wuce wurin. Hamma ya iya, shi Bafillace ne, zai mutu da magana a ciki. Babanku ne bai iya ba. Dillali ba shi da gona ba shi da garke, maganarsa ce jarinsa, in aka ce ya faɗi abin da bai faru ba to an tsiraita shi. Wani jajibirin kasuwa, zaure cike da baƙi, ya sake tayar da zancen.

"Ni dai so nike ka ce ka ji ni. Ko ka ce ka ji ka manta. Shi ke nan, ba ni ƙara tada ta."

Hamma ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ya wuce, Ɗanjimma. Bar ta."

"Ba ni barin ta! A kawo Alƙur'ani in dahwa!"

Ina bayan ƙofa ina ji. Na ga za a sa mijina rantsuwa a gaban baƙi, raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce ba sai ya rantse ba, ni ma ina wurin, na ji muryar Baffa da kunnena. Can Hamma ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba:

"Har ke, uwargida?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai sake taka zauren nan ba.

Maganar Woɗe kuma, wadda kuka fi riƙewa a kan babanku, ga yadda take. Ita ciwon bai same ta ba tunda tana gida. Ta haihu biyu, saura ɗaya lokacinta ya cika. Da ciwo ya lafa babanku ya ce zai mayar da ita, har da 'ya'yan. Na ce masa ya tsaya ya yi tunani, ya fi ni sanin cewa mayar da haɓɓanaye kafin lokaci yanke zumunci ne.

Ya ce, "Mutum ya rasa garke, ni in zamna ina shan nonon saniyarshi? Da wane baki?"

Kun ce fushi ne ya sa shi. Ni da na zauna da shi na ce tausayi ne ya fi yawa, amma ba zan rantse babu fushi a ciki ba, don na ga yadda ya ɗaure igiyar. Ya ja su da kansa har rugar Hamma. Abin da ya gaya mini, Hamma ya dubi igiyar ya ce lokacinta bai yi ba, babanku kuma ya ce ai tasa ce. Sai Hamma ya karɓi uwar, ya ce 'ya'yan na babanku ne bisa al'ada, ba ya karɓar abin da ba nasa ba. Babanku ya dawo da maruƙa biyu a bayansa. Ƙaramin ya yi kwanaki yana kuka a turke, har maƙwabta suka yi magana.

Daga nan babanku bai sake zama daidai ba. Yana zuwa kasuwa, yana ciniki, amma tsokana ta fita daga bakinsa. Wayar dai tana wuya. Duk bip ɗin da ya shigo sai ya zabura ya danna, in ya ji muryar wani sai ka ga kafaɗarsa ta sauka. Da bazara ta zo ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ba a kai ga shuka ba ya cika. Ana gobe zai rasu, da la'asar, ya kama hannuna ya ce:

"Rakiya, ke dai kin ji shi ko?"

Na ce na ji shi. Ya ce to alhamdu lillahi, ya rufe ido. Hamma ya zo gaisuwa, an ce mini ya zauna can gefe a waje, ya yi addu'a ya tashi, bai aiko a gaishe ni ba.

Bayan na fita takaba na ci gaba da riƙe wayar babanku, don mutanen daji ba su san ya rasu ba duka, wani ya yi bip in kira in gaya masa. Wata rana ina tsintar wake a faifai wayar ta yi ƙara sau ɗaya, na danna kamar yadda ya saba. Ta yi wannan dogon kuka. Sai iska. Sai namiji ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki na riga shi a zuciyata, alo, alo, kuma haka ya ce, daidai inda ya ce a wancan karon, da nisa iri ɗaya, da iska iri ɗaya a bayansa. Ba mutumin da ke tari iri ɗaya shekara guda. Faifan ya zame daga cinyata, wake ya watse, kaji suka taru ban kore su ba. Ina zaune har ta yanke da kanta, kiredi ya ƙare.

Na sa mayafi na je wurin mai sayar da kiredi na bakin titi, wanda babanku ke saye wurinsa. Ya dubi lambar ya girgiza kai. Ya ce wannan ba ta Nijar ba ce, ba ta Najeriya ba ce, ta wata ƙasa ce mai nisa, ki ga tsawonta. Ya ce ɓarayi ne, inji ne ke yi wa dubban mutane bip, wanda ya kira sai a sa masa muryar da aka ɗauka don ya daɗe a kan layi, abin da aka zaftare masa kuma su ke ci. Ya ce har a rediyo an yi ta faɗa kwanan nan.

Na ce, "To wa ke saurare can?"

Ya ce, "Ba kowa, Inna. Ba mutum can."

Ban san yadda na kai gida ba. Kuɗin kiredi ba su dame ni ba ko kaɗan, da shi kaɗai suka ɗauka da na yafe musu. Abin da na kasa ɗauka shi ne mijina ya miƙe tsaye a gindin dalbejiya, da dukan ƙarfin muryarsa, yana ceton garken abokinsa, alhali ba kowa a can. Waɗanda suka shirya abin nan ba su san Hamma ba, ba su san akwai wani gari Dakoro ba, ba za su taɓa sanin abin da suka kashe ba. Shi ya sa kuke ganin yanzu in baƙuwar lamba mai tsawo ta yi mini bip ba na taɓa ta, mai nemana da gaske zai sake nema ko ya aiko. Kuma in na ba ku saƙo a waya nakan ce ku maimaita mini, kuna cewa Inna ta cika naci. Ba naci ba ne. Saƙon da ba a amsa maka da sunanka ba, kada ka ɗauka ya isa.

Ranar kasuwar da ta biyo na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni garin nan: na shiga kara. Maza suna ta kallona, abokan babanku suna tambaya ko lafiya, ban tsaya ba. An ce mini Hamma yana zama can ƙarshe, yana tufka igiya yana sayarwa, 'yan shanun da suka rage yaransa ke bi. Kafin in shiga na sa kiredi, da sanina, na san inda za shi. Tsorona ɗaya, kada ɓarayin su kasance sun rufe lambar in rasa shaida. Na same shi a ƙarƙashin wata 'yar rumfa, ya rame, gemu ya yi fari fat. Ya gan ni ya sunkuyar da kai. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba komai a cikinta. Sannan na durƙusa na ce:

"Baffa, ban zo da magana ba. Abu na kawo ka ji."

Na danna, na sa babbar murya, na ajiye a kan tabarmarsa tsakanin igiyoyi. Ta yi kuka, ta yi kuka, har na fara cewa shi ke nan. Sai iska ta taso. Aka gyara murya. Alo, alo. Hamma ya bar tufkar, ya karkata kai kamar yadda yake yi in yana sauraren saniya a nesa. Na gaya masa abin da mai kiredi ya ce, na ce wannan ne muka ji ranar, ni da babanku, wannan ne na rantse a kai a bayan ƙofa.

Hamma ya dubi wayar. Sannan ya ce, "Ko ni, da na ce ni na."

Ya miƙa hannu ya ɗauki wayar, ya riƙe ta da hannu biyu, iskar na ta fita.

"Uwargida, mi yac ce?"

Na faɗa masa, kalma bayan kalma, don ban manta ko ɗaya ba. Kada ka biyo ta Aduwa bana. Ka zagayo ta yamma, ko da rijiya za ka shayar. Woɗe na lafiya, ɗan maraƙinta ya fara cin ciyawa. Hamma ya ja gefen rawani ya rufe baki, amma ba dariya yake ba. Ya ɗaga wayar ya kai kunne.

"Ɗanjimma," in ji shi. "Hamma na. Na ji. Na ji ka."

Ni na ga fuskar wayar ta yi duhu, na san kiredin ya ƙare tun kafin ya kai ta kunne. Ban gaya masa ba. Ya ji shiru bai kashe ba, ya ci gaba da magana, yana ba shi labarin Woɗe, wai ta haihu na uku, mace ce, ja kamar uwarta. Na zauna a gefen tabarma na jira har ya gama.